Wa Ya Cinye Kifayen Tafkin Biktoriya?

Wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu ya san irin sowar da ke tashi idan aka hango ƙarti uku ko huɗu sun rungumo giwan ruwa, suna tangaɗi da shi cikin laka za su kai shi sikeli. Kifi ne mai kwarjini: jiki fari kamar azurfa, baki kamar na tulu, ido yana ƙyalli kamar na kyanwa cikin duhu. A Yawuri da Baga shi ne kifin da ake kai wa manya. Yana cikin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi tun kafin a raɗa musu waɗannan sunaye, yana cin karfasa da kawara da duk abin da bakinsa ya iya haɗiyewa, kuma ban taɓa jin masuncin da ya ce giwan ruwa ya ƙarar masa da kifin kogi ba. Idan kifi ya yi ƙaranci, fari ake zargi, ko madatsar ruwa, ko masu zuba guba.

To amma wannan kifin dai, wanda masana ke kira Lates niloticus, yana cikin jerin halittu ɗari da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa a matsayin baƙin da suka fi yin ɓarna a doron ƙasa. Abin da ya jawo masa baƙin jinin ya faru ne a Gabashin Afirka, a Tafkin Biktoriya, inda a cikin shekarun 1980 kaɗai jinsin kifi kusan 200 suka ɓace ko suka kai bakin ɓacewa. Shekara arba'in ke nan masana na tafka muhawara a kan abin da ya auku, kuma duk wanda ya bi diddigin binciken zai tarar zancen ya wuce a ce babban kifi ya cinye ƙanana.

Tafkin kansa abin kallo ne. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,800, wato ya ninka Jihar Kano sau uku da ɗoriya, kuma babu tafkin da ya kai shi faɗi a Afirka. Tanzaniya ke da kusan rabinsa, Yuganda na biye da ita, Kenya kuwa kashi 6 cikin ɗari kawai ta samu. Daga garin Jinja ne Kogin Nilu ke fita daga cikinsa ya nufi arewa. Duk da wannan faɗi, ba shi da zurfin kirki, inda ya fi zurfi bai wuce mita 80 da 'yan kai ba. Faranti ne, ba rijiya ba, kuma wannan siffa tasa za ta dawo mana a gaba.

Dukiyar tafkin a wurin masana ita ce wasu 'yan ƙananan kifaye, dangin karfasa, waɗanda yawancinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Mutanen Mwanza ta Tanzaniya na ce musu furu, a Yuganda kuma nkejje. Ga masunci duk furu furu ne, a shanya a rana a zuba a miya. Amma da masana suka zauna suka duba haƙora da muƙamuƙi da abin da ke cikin hanjinsu, sai suka tarar jinsuna ne sama da 500, kuma babu inda ake samunsu a duniya sai wannan tafki. Humphry Greenwood, wanda ya fara aiki a cibiyar binciken kifi ta Jinja a farkon shekarun 1950, ya ƙare rayuwarsa yana rarrabe su bai gama ba.

Sun raba sana'o'i tsakaninsu kamar 'yan kasuwar Kurmi. Akwai masu kankare gansakuka daga jikin duwatsu da haƙora jere kamar magagari. Akwai masu tsotsar laka su tace rubabben ganye, kuma su ne suka fi yawa. Akwai masu murƙushe katantanwa, da masu zaro ta daga cikin kwansonta ba tare da sun fasa ba. Akwai masu cin ƙaguwa, masu cin tsutsar ƙwari, masu farautar 'yan uwansu kifaye, har da wanda abincinsa ɓawon jikin wasu kifaye ne, ya laɓaɓo ya karce ya gudu. Wani masani mai suna Karel Liem ya yi bayani a 1973 cewa sirrin wannan dangi yana cikin maƙogwaro: suna da muƙamuƙi na biyu a can ciki mai haƙoransa, shi ke niƙa. Da yake aikin tauna ya koma ciki, sai bakin waje ya sami 'yancin zama duk abin da sana'a ta buƙata, ko hantsaki, ko tsinke, ko mazurari.

Yadda suke haihuwa ma sai an gani. Namiji zai share ɗan fili a kan yashi ko dutse, ya yi ado da launi, ya riƙa karkaɗa jiki a gaban tamata. Idan ta yarda da shi sai ta saki ƙwai kaɗan, nan take ta juyo ta kwashe su a baki. A jikin fiffiken namijin na ƙasa, kusa da wutsiya, akwai wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙwai, kamanninsu sak ƙwan da ta saki. Sai ta kai baki za ta kwashe su, shi kuma a daidai lokacin ya saki maniyyi, ya shiga bakinta ya haɗu da ƙwan. Daga nan za ta yi mako biyu zuwa uku da 'ya'ya a baki, ba ci, har su iya iyo. Ko bayan ta sake su, da sun ga abin tsoro sai su ruga su koma bakin uwa. Akwai ma wasu furu da sana'arsu ke nan, su takura wa mai goyo har ta amayar da 'ya'yan su cinye. Abin riƙewa a nan shi ne goyon baki ba ya ɗaukar yawa. Uwa ɗaya 'yan gomomi take iya renon su, alhali giwan ruwa mace na watsa ƙwai miliyoyi ta bar su ga Allah.

Sai kuma a 1996 wani bincike ya ƙara ɗaure wa masana kai. Thomas Johnson da abokan aikinsa suka soka dogayen bututu cikin lakar ƙasan tafkin, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu da ƙarfe ya ga abin da ke ciki. A ƙarƙashin lakar, har a wuraren da suka fi zurfi, suka iske busasshiyar ƙasa mai burbushin tsirrai. Ma'ana, farantin nan ya taɓa ƙafewa ƙarƙaf, kuma bai sake cika ba sai kimanin shekara 15,000 da suka wuce. Tafkin Tanganyika ya haura shekara miliyan tara, amma jinsin wannan dangi da ke cikinsa ba su fi 250 ba. Ta yaya tafkin jiya-jiya ya ninka shi? Tun a 1990 Axel Meyer ya nuna cewa ƙwayoyin gadon furu sun yi kama da juna ƙwarai, alamar ba su daɗe da rabuwa ba. Amsar da ta fi gamsarwa ta zo a 2017, daga Joana Meier da Ole Seehausen da abokan aikinsu: kakannin furu barbarar yanyawa ne. Wani reshe daga yankin Kogin Kwango ya haɗu da wani daga saman Nilu kimanin shekara 150,000 da suka wuce, zuriyarsu ta gaji kayan gado daga gida biyu. Da tafkin ya sake cika, ba sai an jira sabon abu ya ɓullo ba. Kayan na nan a ajiye, jerawa kawai aka riƙa yi iri-iri.

Giwan ruwa bai taɓa zama cikin wannan tafki na yanzu ba. Yana nan a Tafkin Albert da Tafkin Turkana da Nilu ta ƙasa, amma gangaren ruwan Murchison ya tare masa hanyar hawowa. Mutum ne ya tsallakar da shi, kuma dalilin ya samo asali tun farkon mulkin mallaka. A 1901 layin dogo ya isa Kisumu da ke bakin tafkin daga Mombasa, 'yan shekaru bayan haka aka shigo da ragar kamun kifi ta Turawa, kasuwa ta buɗe. Kifin da aka fi so shi ne wata karfasa ta tafkin mai suna ngege, kuma kafin shekara ashirin an fara kukan ta yi ƙaranci. Gwamnatin Birtaniya ta turo Michael Graham ya zagaye tafkin a 1927 da 1928. Tun a lokacin akwai masu cewa a kawo babban kifi mai farauta ya mayar da furu, waɗanda Turawan ke gani tarkace ne masu ƙaya, su zama tsoka mai tsada. A rahotonsa na 1929 Graham ya ja kunne cewa yin haka ba tare da dogon bincike ba haɗari ne babba. A 1960 Geoffrey Fryer ya sake rubuta gargaɗi, yana mai cewa mafarauci ba ya iya samar da nama fiye da abin da ya ci, kuma ba a san abin da zai taɓa ba.

Ashe ana wannan musu ne bayan an riga an yanka ta tashi. A shekarar ce masunta suka fara ciro giwan ruwa daga tafkin, aka yi ta tambayar ta ina ya shigo. Sai a 2005 Robert Pringle, bayan ya tona tsofaffin takardu ya kuma tattauna da tsofaffin ma'aikata, ya nuna cewa ma'aikatan sashen kula da namun daji da kifi na Yuganda ta zamanin mallaka sun fara zuba shi a ɓoye tun 1954, kuma sha'awar fatsar nishaɗi na cikin abin da ya ja su. Da aka ga ya riga ya shiga, sai aka ce to a ƙara, aka zuba wasu a hukumance a 1962 da 1963. A shekarun 1950 ɗin ne kuma aka shigo da karfasar Nilu, wadda ita ce ta ƙarasa ture ngege. Ba a cika ambatonta ba idan ana lissafin masu laifi, wataƙila don ba ta da girman da za a ɗauki hoto da ita.

Shekara ashirin da wani abu ba a ji motsin komai ba. Binciken da aka yi da jirgi mai jan koma a ƙasan ruwa daga 1969 zuwa 1971 ya nuna furu ne kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyin kifin da ke ƙasan tafkin, giwan ruwa bai kai kashi ɗaya ba. Masu gargaɗi suka zama kamar masu ihu a banza. A 1977 wata tawaga daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ta kafa sansani a Mwanza, ba don giwan ruwa ba, don ta fahimci yadda ɗaruruwan jinsuna ke zaman tare. Cikinsu akwai Frans Witte, daga baya Tijs Goldschmidt ya iso. Suka zaɓi wasu wurare a jere a mashigin ruwan Mwanza, suna jan koma iri ɗaya a wuri ɗaya, wata bayan wata, suna ƙirgawa. Aiki ne mai gundura, irin wanda ba ya kawo suna. Amma shi ya sa yau muke da lissafin abin da ya ɓace, domin suna tsaye a kan jirgi abin ya faru.

Ya fara ne daga ɓangaren Kenya wajen 1980, ya gangaro Yuganda, ya iso Mwanza a 1983. Komar da a da idan aka zazzage ta sai dandamalin jirgi ya cika da dubban furu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna tsalle, sai ta koma fitowa da giwan ruwa zalla. A farka cikinsa a tarar da furu cunkus. Bayan shekara uku ko huɗu, a farka a tarar da jatan lande da 'ya'yan giwan ruwan kansa, don babu sauran furu. A 1992 Witte da abokan aikinsa suka fitar da lissafi: cikin jinsuna 123 da suka saba kamawa a waɗannan wurare, kusan 80 ba a sake ganinsu ba bayan 1986. Da suka auna wannan da faɗin tafkin ne suka kai ga adadin 200. Waɗanda suka fara tafiya su ne manyan furu masu farauta, sannan masu cin laka na tsakiyar ruwa. Masu zama cikin duwatsu da bakin gaɓa, inda ƙaton kifi ba ya iya kutsawa, su suka fi tsira.

Wannan ya amsa mana tambayar da muka taso da ita daga Argungu. Kifayen kogunanmu sun tashi tare da giwan ruwa, kowa ya san makamin da yake riƙe da shi. Kurungu na da ƙayoyi uku da yake kafewa su tsaya a maƙogwaron mai haɗiyarsa. Kawara na da gudu. Da damina kogi na malala cikin fadama, ƙananan kifaye su shige ciyawa su girma inda babba ba ya zuwa. A Tanganyika ma akwai 'yan uwan giwan ruwa har jinsi huɗu, kuma dangin furu na can suna nan lafiya, galibinsu a jikin duwatsu. Furun tsakiyar Biktoriya kuwa sun yi shekara dubbai a fili fetal, a kan laka, ba su taɓa gamuwa da mai baki irin wannan ba, ga haihuwa kaɗan. Halin kifin bai sauya ba tsakanin Kabi da Mwanza. Ruwan da aka jefa shi ne daban.

Da a nan zancen ya tsaya da an huta. Abin da ya hana shi tsayawa shi ne shirun nan na shekara ashirin da biyar. Me ya sa kifin da aka zuba a 1954 bai fashe ba sai 1980? Wasu masana sun ce lissafi ne kawai: 'yan kifaye kaɗan a tafki mai wannan faɗi dole su ɗauki wannan lokaci kafin yawansu ya bayyana. Wasu, ciki har da Kees Goudswaard na tawagar Leiden, suka ce a'a, furu ne suka danne shi, suna cinye ƙwansa suna kuma gasar abinci da 'ya'yansa, har sai da mutum ya rage su. Hujjarsu ita ce a duk inda giwan ruwa ya fashe, furu sun riga sun fara raguwa. A Mwanza, alal misali, tun shekarun 1970 jiragen jan koma ke kwasar furu ana niƙawa a yi abincin dabbobi. Idan haka ne, masunta ne suka buɗe masa ƙofa. Rukuni na uku kuma, irin su Jeppe Kolding da Paul van Zwieten, suka ce a daina kallon kifin, a kalli ruwan.

Ruwa ba ya tsami banza. Robert Hecky ya auna ruwan tafkin a farkon shekarun 1990, ya kwatanta da awon da Jack Talling ya yi a 1960 da 1961, ya tarar gansakuka ta ninka, irinta ma ya sauya, kuma ruwan ƙasa na yin watanni babu iskar oksijin. Lakar da aka zaro daga ƙasan tafkin ta nuna abin ya faro tun wajen 1930, kafin giwan ruwa ya shigo da shekara ashirin. Mutanen da ke zaune a ƙasashen da ruwansu ke gangarowa tafkin sun tashi daga ƙasa da miliyan 5 a farkon shekarun 1930 zuwa kusan miliyan 28 a 1995. An sare daji, an ƙone ciyawa, an yi noma har bakin gaɓa, garuruwa sun juyo da magudanansu. Duk wannan taki ne ga gansakuka. Idan ta mutu ta nitse ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar ƙasan ruwa. Sannan ga furu masu cin laka da gansakuka, waɗanda a da su ne masu sharar tafkin, an cinye su. A ƙarshen shekarun 1980 wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta zo ta rufe tashoshin jiragen ruwa, har sai da aka kawo wasu ƙwari masu cinta.

A nan ne binciken da ya fi burge ni ya shigo, domin ya nuna wata hanyar ɓacewa da ba ta buƙatar haƙori. A jikin tsibiran duwatsu na kudancin tafkin akwai wasu furu biyu. Ɗaya namijinsa shuɗi ne, ana ce masa Pundamilia pundamilia, daga sunan jakin dawa da Swahili saboda zanen jikinsa. Ɗayan namijinsa ja ne, Pundamilia nyererei, wanda aka sa wa sunan tsohon shugaban Tanzaniya Julius Nyerere. Matan kuwa da ƙyar ake rarrabe su. Shuɗin na zama a saman ruwa, jan na zama ƙasa kaɗan, inda hasken da ke isa ya fi karkata ga ja. Seehausen da Jacques van Alphen suka sa mace a tankin gilashi, namiji ja a gefe, shuɗi a gefe. A farin haske kowace mace ta nufi nata. Sai suka kunna fitila mai launi ɗaya, ruwan lemo, wadda a ƙarƙashinta ja da shuɗi duk suka koma toka-toka. Nan take zaɓin ya rushe. Kuma idan suka haɗu suna haihuwa, 'ya'yan ma su haihu.

Wato ba kamar doki da jaki ba ne, da in sun haɗu sai alfadari wanda ba ya haihuwa. Katangar da ke tsakanin waɗannan jinsuna idon mace ce kawai. A 2008 tawagar Seehausen ta nuna cewa har ƙwayar gadon da ke sarrafa ganin launi ta bambanta: na ƙasa idonsu ya fi kama ja, na sama ya fi kama shuɗi, kowace mace tana zaɓen mijin da ya fi haska a idonta. Yanzu sai a ɗauki farin faifan da masana ke zura wa ruwa da igiya su ga a wane zurfi zai ɓace wa ido, a zagaya tsibiran da shi. A Makobe, inda ruwa ke garau, ja daban shuɗi daban, ga jinsuna birjik. A Luanso, inda faifan ke ɓacewa tun hannu bai gama miƙewa ba, babu ja babu shuɗi, sai tsaka-tsaki. Tun 1997 suka wallafa cewa yawan jinsuna da hasken launinsu na tafiya ne da tsabtar ruwa. Jinsi biyu na iya komawa ɗaya ba tare da kifi ko guda ya mutu ba. Abin da haɗuwar jini ta gina a farko, ita ce kuma ke narkar da shi idan ido ya daina gani.

Tafkin bai mutu ba, ko da yake an yi ta yi masa ta'aziyya. Da masunta suka matsa wa giwan ruwa a shekarun 1990, wasu furu suka fara dawowa. Lauren da Colin Chapman sun nuna a Tafkin Nabugabo na Yuganda cewa fadamu masu ƙarancin iska mafaka ce, don giwan ruwa ba ya jure su. Waɗanda suka dawo kuma ba yadda suka tafi suka dawo ba. Wani mai suna Haplochromis pyrrhocephalus, da aka gwada shi da 'yan uwansa na shekarun 1970 da ke ajiye a kwalba, sai aka ga jan naman da yake numfashi da shi a ƙarƙashin kunne ya ƙara faɗi da sama da kashi 60 cikin ɗari, kansa ya ƙanƙance, abincinsa ya sauya. Cikin shekara ashirin kacal. Sai dai 'yan jinsuna ne suka dawo da yawa, manyan mafarauta da yawa har yau shiru.

Akwai kuma ɓangaren da masanin kifi ba zai iya yanke hukunci a kansa shi kaɗai ba. Kamun tafkin ya tashi daga kimanin tan 100,000 a shekara a shekarun 1970 zuwa kusan tan 500,000 wajen 1990, fiye da rabinsa giwan ruwa. A Tanzaniya har laƙabi aka yi masa, mkombozi, wato mai ceto. Masana'antu suka tashi a Mwanza da Kisumu da Jinja, ana fere tsokar a sa a ƙanƙara, jirgin sama ya kai Turai. Dubban ɗaruruwan mutane suka sami abin yi. Amma furu kowace mace na iya saye da 'yan kuɗinta ta shanya a rana. Giwan ruwa na buƙatar babbar raga da jirgi mai inji, ga kitse, ba ya shanyuwa sai an yi banda, banda kuwa sai itace. Abin da ya rage wa talakan gaɓa shi ne kai da ƙashin baya da masana'anta ta zubar, wanda a Kenya ake kira mgongo wazi. Da Tarayyar Turai ta hana shigar da kifin a 1999 saboda rahoton kamu da guba, garuruwa suka tsaya cik har zuwa 2000. Wani fim da Hubert Sauper ya fitar a 2004 ya nuna wannan fuska da zafi, har Shugaba Jakaya Kikwete na Tanzaniya ya fito ya yi tir da shi. Ni a ganina fim ɗin ya ɗora wa kifi talaucin da ya girme shi, amma tambayar da ya yi, ta wa ke cin riba, tana nan daram.

Yau kamun tafkin na kaiwa wajen tan miliyan ɗaya a shekara, kuma mafi yawansa ba giwan ruwa ba ne. Wani ɗan mitsitsin kifi ne ɗan asalin tafkin, dagaa a Tanzaniya, omena a Kenya, mukene a Yuganda, wanda ya sami fili bayan tafiyar furu, ana kama shi da dare da fitila. Giwan ruwan kuwa shi ake kuka a kansa yanzu. Hukumar kamun kifi ta ƙasashen tafkin, wadda aka kafa a 1994 da hedikwata a Jinja, ta ƙayyade cewa kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba, kuma a 2017 Yuganda ta tura sojoji kan ruwa suna ƙone haramtattun raga. Jakar iskar da ke cikinsa, wadda a da ake zubarwa, yanzu ana busar da ita a kai Hong Kong, kuma kilonta ya ninka na tsokar sau da yawa. An wayi gari gwamnatoci na kashe kuɗi su kare kifin da masu kare halittu ke fatan ya ragu.

Idan aka matsa mini in yanke, zan ce giwan ruwa ya ci furu, wannan babu tantama, cikinsa da aka farka shaida ne, kuma babu wani abu da zai iya share jinsi 80 a mashigi ɗaya cikin shekara huɗu in ba shi ba. Amma ya tarar da gida an riga an sassauta masa ƙyaure, kuma ko da a ce yau an tsame shi kaf, gurɓataccen ruwa zai hana abin da ya rage komawa yadda yake. Shi ana iya kama shi a auna a sikeli. Takin da ke gangarowa daga gonaki miliyoyi a ƙasashe biyar ba shi da wuyan da za a sa wa igiya, shi ya sa aka fi jin sunan kifin.

Da yawa daga cikin furun da tawagar Leiden ta kama ba a kai ga raɗa musu sunan kimiyya ba. Aikin ya yi yawa, masu yinsa kaɗan ne, sai suka riƙa ba su laƙabi na wucin gadi, gwargwadon launi ko siffar baki, kafin a sami sukunin zama a kansu. Suna nan a gidan adana halittu na Naturalis da ke Leiden, jere a kan kanta cikin kwalabe, launin ya koɗe, kowace kwalba da 'yar takarda mai ɗauke da laƙabi da wurin kamu da kwanan wata. Har yanzu ana ciro su ɗaya bayan ɗaya, a auna kai da haƙora, a rubuta musu suna.